Motar da ke mutuwa a kan birki, da illar ƙara mata silo

Ranar Laraba, da kasuwar Dutsin-Ma ke ci, hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa ƙasar Kurfi takan cika tun da hantsi. Ga Golf da Sharon maƙare da fasinja, ga a-kori-kura da buhunan hatsi, ga babura da dabbobi suna tsallake kwalta yadda suka ga dama. Direban da ke bin wannan hanya, mai tsawon kimanin kilomita 60, ba ya iya ƙirga sau nawa yake taka birki kafin ya isa: a bakin kowane ƙauye, a kan tudun rage gudu, a shingen jami'an tsaro, da duk inda fasinja ya ce a sauke shi. A irin waɗannan wurare ne wasu motoci ke nuna wata ɗabi'a da direbobi suka saba da ita har ta daina ba su tsoro. Da zarar an taka birki sai injin ya yi rawa, fitilun gaban direba su kama, motar ta yi tsit. Direba ya murɗa makulli, ta tashi, a ci gaba da tafiya.

Idan abin ya yawaita sai a leƙa gareji, kuma buƙatar da aka fi gabatarwa ita ce: "Oga, ɗan ƙara mata silo." Bakanike ya ɗauki sukundireba, ya juya wani ƙaramin noti ko ya ɗaure wayar totur, injin ya ɗaga murya, a biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Motar ta daina mutuwa, kowa ya rabu da kowa cikin farin ciki. Sai dai a lokuta da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin mutuwar inji a lokacin taka birki saƙo ne, wani lokaci ma saƙo ne daga birkin kansa, kuma ƙara silo toshe bakin mai kawo saƙon ne kawai.

Abin da ya haɗa inji da birki

A ido, inji da birki ba su da wata alaƙa: ɗaya na tura mota, ɗaya na tsayar da ita. Amma a kusan duk ƙaramar mota mai amfani da fetur akwai tiyo guda da ya haɗa su, kuma fahimtar aikin wannan tiyo ita ce mabuɗin maganar.

Injin fetur yana rayuwa ne a kan cakuda iska da mai bisa wani ma'auni, wato kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. A zagayen shan iska, idan fistin ya yi ƙasa a cikin silinda yana zuƙo iska ne, kamar yadda sirinji ke zuƙo ruwan allura. Totur kuwa ƙofa ce a bakin hanyar iskar. Idan direba ya ɗage ƙafarsa daga kan totur ƙofar takan rufe, sai ɗan siririn wuri da aka bari domin injin ya ci gaba da numfashi, yana juyawa kamar sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Wannan shi ne silo. A wannan hali fistin na ta zuƙa, ƙofa kuma a rufe, saboda haka iskar da ke cikin bututun da ke bayan ƙofar takan ragu ƙwarai, har matsinta ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na matsin iskar waje.

Masu ƙera mota sun ga cewa wannan zuƙa ƙarfi ne na kyauta, sai suka ɗaura mata aiki. Duk wanda ya buɗe bonet zai ga wata baƙar ganga mai faɗi a manne da jikin mota, daidai saitin ƙafar direba, a bayan robar man birki. Ita ce busta. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta ɗaki biyu, kamar fatar da aka ɗaure a tsakiyar ganga. Muddin injin na aiki, tiyon nan yana zuƙe iskar ɗakunan biyu. Idan aka taka birki, wani bawul yakan buɗe wa iskar waje hanya ta shiga ɗakin baya kaɗai, sai ta danna faifan zuwa gaba, shi kuma ya tura sandar da ke matsa man birki.

Lissafin ƙarfin yana da sauƙi. Iskar da ke kewaye da mutum tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Ganga mai faɗin santimita 23 tana da fuska ta sama da murabba'in santimita 400. Idan bambancin matsi tsakanin ɗakunan biyu ya kai kashi shida cikin goma na kilo a kowane murabba'i, faifan zai yi turi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 250 ko kusa da haka, wato buhu biyu da rabi na masara. Wannan ne ya sa yarinya mai koyon tuƙi ke iya tsayar da mota da ɗan yatsan ƙafa. Injin dizal ba shi da irin wannan zuƙa, don haka ake sa masa famfo na musamman, manyan motoci kuma da matsattsiyar iska suke birki. Maganar nan ta motocin fetur ce.

Roba tana tsufa. Idan faifan ya tsage, ko tiyon ya bushe ya fashe saboda zafin inji da zafin bazara, ko bawul ɗin da ke bakin gangar ya daina riƙewa, to taka birki yakan buɗe wa iskar waje hanya kai-tsaye zuwa cikin inji, iskar da babu wanda ya auna ta balle a ba ta rabonta na mai. A kan gudu injin ba zai damu ba, domin iskar da yake sha tana da yawa. A kan silo kuwa, inda numfashinsa ɗan kaɗan ne, wannan ƙari ya isa ya tsinka cakudar har wutar fulogi ta kasa kunna ta, sai injin ya shaƙe ya mutu. Ke nan rami ɗaya ne ke kashe injin kuma yake rage wa birkin ƙarfi.

Sauran dalilai

Ba kullum ne busta ke da laifi ba. A wasu motocin, birki ba ya yin komai illa ya zo daidai da lokacin da aka saki totur. Motoci masu nozul suna da ɗan bawul da kwamfutar mota ke buɗewa da rufewa domin daidaita iskar silo, waɗanda suka fi sabunta kuma kwamfutar ce ke motsa ƙofar totur ɗin kanta. Bugu da ƙari, idan aka saki totur mota na gudu cikin giya, kwamfutar takan yanke mai gaba ɗaya, ta dawo da shi lokacin da juyawar injin ta sauko kusa da silo. Idan datti ya toshe wannan siririyar hanya, injin yakan sauko ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya faɗi. A ƙasar da ƙurar hunturu ke tashi daga Nuwamba har zuwa Maris, kuma ake kaɗe matatar iska a mayar maimakon a sauya, wannan datti ba baƙo ba ne.

A motoci masu giyar otomatik akwai wani kuloci a cikin akwatin giya da ke ɗaure inji da tayoyi idan gudu ya daidaita, domin rage shan mai. Dole ya saki kafin mota ta tsaya. Idan ya maƙale, motar takan yi karkarwa ta mutu tamkar mai giyar hannu da aka tsayar ba a taka kuloci ba. Ita ma mai giyar hannun, idan kulocinta ba ya saki sosai, haka za ta yi.

Sai maganar mai. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direbobi da yawa sun koma sayen lita biyar ko goma, allurar mai kullum a kan ja. Idan aka taka birki da ƙarfi, ɗan man da ke tanki yakan kwarara gaba, famfo ya zuƙi iska. Famfon kansa a cikin man yake samun sanyi, saboda haka tankin da ba ya cika yana rage masa kwana, ga kuma dattin ƙasan tanki da ke toshe matata. Ingancin man ma abin dubawa ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injuna. Idan hakan ta faru da man da ya bi ta hannun hukuma, man galan na 'yan bumburutu a bakin hanya ya fi buƙatar taka-tsantsan.

Na ƙarshe shi ne lantarki. Taka birki yana kunna fitilun baya a daidai lokacin da injin ke juyawa a hankali, na'urar cajin batir kuma ba ta ba da wuta sosai. Idan kan batir ya yi sako-sako, ko wayar da ta haɗa inji da jikin mota ta yi tsatsa, ko wayar fitilar birki ta goge tana taɓa ƙarfe, wutar kan yi ƙasa har kwamfuta ko kwayil su ɗauke na ɗan lokaci. Haka nan idan robobin da injin ke zaune a kansu sun mutu, birki kan sa injin ya rusuna gaba ya ja wata waya ko tiyo.

Yadda ake rarrabewa

Mai mota na iya taƙaita zargi kafin ya je gareji, ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Da farko a lura da lokacin da abin ke faruwa. Idan mota na tsaye cak, giya a firi, aka taka birki aka riƙe, injin ya yi rawa ko ya mutu, zargi ya fi karkata ga busta ko lantarki, musamman idan ana jin wani huci kamar na maciji daga wajen ƙafar direba. Idan sai tana gangarowa za ta tsaya take mutuwa, ko da ba a taɓa birki ba, a duba hanyar iskar silo. Idan otomatik ce, kuma mayar da giya kan N kafin tsayawa yana hana ta mutuwa, mai yiwuwa matsalar na cikin akwatin giya. Idan kuwa sai tanki ya yi ƙasa, ko an yi birki mai ƙarfi, a nemi famfo da matatar mai.

Gwajin busta ba ya cin minti biyu. A kashe inji, a taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, a bar ƙafa a kai, sannan a tayar da mota. Idan busta na da lafiya, birkin zai ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. Sai a bar injin ya yi minti ɗaya, a kashe, a ɗan jira, a sake takawa: takun farko ya zo da laushi, na biyu da na uku su riƙa ƙara tauri. Idan tun takun farko ya zama kamar dutse, gangar ba ta riƙe zuƙarta. Akwai kuma wata alama da ake yawan rainawa: man birki na raguwa amma ba a ga inda yake zuba ba. Mai yiwuwa cikin gangar yake tsiyaya, inda yake cinye robar, wani lokaci har injin ya zuƙe shi ya fitar da farin hayaƙi.

Abin da ƙara silo ke jawowa

Idan aka ɗaga silo, injin yakan sami rarar numfashin da zai jure iskar da ke satar shiga, shi ya sa yake daina mutuwa. Tsagar da ke jikin roba kuwa tana nan, kuma tsaga ba ta komawa baya. Ban da haka, buɗe ƙofar totur yana rage zuƙar da busta ke dogaro da ita, motar otomatik takan riƙa jan kanta gaba tana kokawa da birki, sannan man da ake ƙoƙarin tattalawa yana ƙonewa a banza a duk tsayuwa. Mafi muni shi ne a cire tiyon a toshe shi da ƙusa ko noti. Bakanike na iya toshe shi na ɗan lokaci a cikin gareji domin ya tabbatar da zarginsa, amma motar da ta hau titi a haka an raba ta da taimakon nan na buhu biyu da rabi, an bar ƙafar direba ita kaɗai.

Iyakar gudun da dokar hanya ta ba motocin haya a babban titi irin wannan ita ce kilomita 80 a awa, wato kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya taka birki ya ji tauri, ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya gane abin da ke faruwa, ya riga ya ci mita 44. Idan motar na ɗauke da lodin da ya wuce ƙima, kamar yadda aka saba gani ranar kasuwa, nisan tsayawar zai ƙaru. A bakin kasuwa ko ƙofar makarantar firamare, mita goma ma ta isa ta raba tsoro da makoki. Akwai kuma abin da mutanen wannan yanki suka fi kowa sani: ƙananan hukumomin Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma motar da ta mutu a tsakanin ƙauyuka bayan la'asar sakaliya, ta ƙi tashi, ta jefa fasinjojinta cikin wani haɗarin na daban.

Idan har injin ya mutu ana cikin tafiya, birki bai tafi ba. Gangar takan ajiye zuƙar da za ta isa taku ɗaya zuwa uku, bayan nan ma sandar ƙarfe na nan haɗe da man birki, ƙarfi kawai take nema. Abin yi shi ne a taka sau ɗaya da iyakar ƙarfi a riƙe, kada a yi ta famfawa domin kowane taku yana cinye ajiyar. Sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa, kuma kada a murɗa makulli zuwa inda zai kulle shi. A mota mai giyar hannu, barin ta cikin giya yana sa tayoyi su ci gaba da juya injin, zuƙar ta ɗore har sai gudu ya ragu. Daga nan ake gane kuskuren masu kashe inji a gangara domin tsimin mai: da hannunsu suke cire wa kansu birki da sitiyari, alhali mota mai nozul da ke gangarawa cikin giya ba tare da totur ba kusan ba ta shan komai.

Uzurin direba da na bakanike

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota kowace rana, kuma yinin da mota ta yi a gareji yini ne da gidansa ba a ɗora tukunya ba. Golf 3 da ke jigila a wannan hanya an ƙera su ne a shekarun 1990, sun gama rayuwa guda a Turai kafin su iso ta Kwatano ko Legas, kayan gyaransu kuma ko na hannu ne ko jabu, farashinsu na bin dala. Shi ma bakanike sau da yawa ya san gaskiyar ciwon, amma ya san idan ya ambaci kuɗin busta mai motar zai tafi garejin gaba. Da yawansu sun koyi aiki a zamanin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, lokacin da kafireto ke mulki kuma juya notin silo gyara ne na gaskiya. Motocin yau kwamfuta ke lissafa musu iska da mai. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Tarayyar Turai, doka ta wajabta wa motocin fetur wata kafa da ake jona na'ura ta karanto abin da ke damunsu, amma har yanzu ba kowane gareji ke da na'urar ba, kuma ba kowane mai na'ura ya iya fassara abin da ta nuna ba.

Duk da haka uzurin bai kai ya wanke al'adar ba, domin mafi yawan abubuwan da aka lissafa a sama gyaransu ba shi da tsada. Tiyo, bawul ɗin bakin ganga, wanke ƙofar totur, ɗaure kan batir, sabuwar matatar iska ko ta mai, duk ba su kai kuɗin cika tanki ɗaya ba. Busta da akwatin giya ne masu nauyi, kuma ko su ba su kai kuɗin jinyar karaya ba, balle diyyar rai. Abin da ya fi tsada shi ne rashin tsayawa a gano wanne ne daga ciki.

Inda gyara zai fara

Wuri mafi kusa shi ne tasha. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da iko a kan wace mota za ta yi lodi da kuma yaushe, iko da babu wata hukumar gwamnati da ke da irinsa a kullum. Gwajin minti biyu da aka bayyana ba ya buƙatar na'ura ko takardar shaida. Shugabannin tasha a Dutsin-Ma da Kurfi na iya mayar da shi sharaɗin shiga layi, ko da sau ɗaya ne a mako. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO masu ba da takardar lafiyar mota, da hukumar KASSAROTA ta jiha, za su fi amfanar jama'a idan duba birki ya sami rabin kulawar da duba takardu ke samu. Takardar lafiyar mota da aka bayar ba tare da kowa ya taka birkin motar ba rasit ne kawai.

Na biyu shi ne ilimi. Dutsin-Ma gari ne na karatu, mai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Gajeren horo da Hausa, na kwana biyu ko uku, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar kanikawa, a kan karanta na'urar gwaji da gano inda iska ke satar shiga, zai kai ga motoci fiye da duk wata lacca ta makon kiyaye haɗurra. Kanikawan da suka iya sauke inji su mayar a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ba za su gagara koyon wannan ba.

Na uku ya rataya a wuyan masu motocin kansu, musamman ma'aikata da malaman da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Dutsin-Ma. Su ne ke da halin biyan kuɗin bincike, kuma abin da suka saba nema shi kanikawa za su saba bayarwa. Maimakon a ce a ƙara silo, a gaya wa bakanike lokacin da motar ke mutuwa, a tsaye ko a tafe, da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi, tanki cike ko a ƙasa, sannan a tambaye shi abin da ya gano kafin ya taɓa komai. Fasinja ma yana da ta cewa. Wanda ya ga motar da ya shiga ta mutu sau biyu a kan birki kafin a fita gari, yana da haƙƙin ya ce: "Malam direba, don Allah a duba birkin nan," ko ya sauka ya jira ta gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gwajin da za a yi da safe a ƙofar gida, kafin yara su shiga mota, minti biyu kacal yake ci.